Guɗar da Na Rangaɗa wa Mai Silifas

Ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da baƙin akwatin nan ba. A mikrobas, ƙaramar motar haya ta unguwar Faisal, na fara ganinsa, shekarata ta biyu da fara karatu a Alƙahira, wani dogon saurayi ya rungume shi kamar jariri. Direba ya taka birki, saurayin ya ce "wayyo" da Hausa tsantsa, nan take zuciyata ta buɗe babi na ɗaya. (Ku yi min uzuri, da littattafan soyayya na kasuwa na girma, har Masar na taho da su a ƙarƙashin littafin nahawu.)

Sunansa Mu'utasim, Bahaushen Sudan ne, yana zaune a unguwar Arba wa Nus. Abin da ke cikin akwatin kamanja ce, wato gogen Turawa. Muka riƙa gaisawa in mun haɗu. Shi yana gaisuwa, ni ina zaɓen kalar ankon bikinmu.

Wata rana ya ce ƙungiyarsu za ta ɗauki faifan opera, ana son 'yan sauraro kaɗan. Ya yi min bayanin cewa opera wasan kwaikwayo ne da ba a magana, ko ruwa mutum zai roƙa sai ya ja murya. Tsohuwar tatsuniyar nan ce ta marainiyar da ta yar da takalmi, ɗan sarki ya bi gari yana cigiya, amma an sabunta ta. Yarinyar a masaƙa take aiki, silifas ɗinta ya faɗi wajen rububin shiga mota, ɗan wani attajiri ya tsinta.

"Abu ɗaya, 'yar uwa," in ji shi. "In jar fitila ta kama, ko tari kada ki yi. Ni na tsaya miki."

Ranar, bayan azahar, na ci leshi, na sha lalle, na yi wanka da turare. Kowa a zauren riga da wando ya sa, ni kaɗai ce uwar biki. Wata dattijuwa mai 'yar sanda, jagorar makaɗan wadda suke kira maestro, ta sanar cewa mawaƙiyar da ke fitowa a marainiyar na fama da mura, don haka fitowar ƙarshe sau ɗaya za a ɗauka.

Fitila ta kama. Na daure, wallahi na daure. Ina kallon Mu'utasim yana jan kamanja, ina hawaye a ɓoye. Can ɗan attajiri ya durƙusa, silifas ya shiga ƙafa cif, ya rera mata tambayar aure. Sai kiɗa ya ɗauke gaba ɗaya. Yarinya ta sunkuyar da kai, ta yi shiru.

To, a garinmu, da kuma duk littafin da na taɓa karantawa, in an tambayi budurwa ta sunkuyar da kai ta yi shiru, magana ta ƙare, saura dangi su yi nasu. Na waiga dama, na waiga hagu, babu mai motsi. Marainiya ta samu miji, ko guɗa ɗaya babu? Tausayi ya kama ni. Ban san lokacin da na miƙe na kama hanci ba.

Na rangaɗa ta doguwa, irin ta gwaggona, mai lanƙwasa a ƙarshe.

Mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa ya dafe kai. Sandar maestro ta tsaya a sama. Kuma da yake matan Masar ma suna guɗa, kowa ya gane nufina, babu damar in ce aljanu ne. Mawaƙiyar ta ɗago ta dube ni, ta ce da shaƙaƙƙiyar murya, "Ya habibti, ai ƙi zan yi."

Ashe shirun nan rubuta shi aka yi, shi ne ma zuciyar wasan. Bayansa yarinyar za ta karɓi silifas ɗinta, ta yi godiya, ta ce ta makara wurin aiki. Aka gwada maimaitawa, murya ta ƙi. Maestro ta ce khalas, wato shi ke nan, sai wani makon.

Mu'utasim ya raka ni bakin titi, bai ce uffan ba. Ku san halina: ina tafe ina fassara shirunsa da cewa so ne ya shaƙe shi. Da mota ta tsaya ya ce "ma'alish" kawai, wato ba komai. Na ci gaba da fassara har na gama digiri.

Bayan shekaru ya kira ni, yana dariya tun kafin sallama. Aure zai yi, kuma mawaƙiyar ce amarya. Wai satin da aka ɗage ne ya riƙa kai mata shayin citta.

"Ta ce lallai ki zo da hancinki," in ji shi. "Wannan karon da bakinta ta amsa."

Yanzu suna unguwar Hadayek el-Maadi da 'ya'yansu, faifan ma ya fito da shirunsa cikakke. Ni kuwa ko a ɗaurin aure, sai na ga an raba dabino nake kama hanci.