Sunana a Bangon Fayil, Laifin Wani a Ciki

Zuwa ga Mai Girma Magatakardan Kotun Majistare ta tsallaken kogi, uban takardu, mai riƙe da hatimi, wanda kullum aka zo nemansa yanzun nan ya fita. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa irin wadda talaka ke yi wa mai ofis, da fatan kai da iyali kuna lafiya, ina rubuto maka ne cikin murna. Shekarata sittin da takwas a duniya, sai bana hukuma ta tuna da ni. Takardar shaidar kwalejina ta ɓace tun da daɗewa. Fayil ɗina na aiki ya tafi tare da masaƙar da na yi wa bauta a Kakuri, ranar da aka sa mata kwaɗo. Na riga na haƙura cewa zan mutu ba a rubuce nake a ko'ina ba. Ashe kotunka tana riƙe da ni. Yau duk wanda ya buga Sylvanus Kambai a wayarsa zai ga hoton bangon fayil, da sunana baro-baro, da laifina: tuƙa mota cikin maye. Hukunci kuma, an ƙwace lasisi na shekara biyu.

Ranka ya daɗe, ban taɓa tuƙa mota ba. Ko keke, matata Edith ta hana ni hawa tun da na faɗa kwata da shi a gaban mutanen coci. Giya kuwa, na ɗanɗana burkutu sau ɗaya a bikin ƙauye ina saurayi, cikina ya ƙi, muka rabu ba gaba.

Da na bar maganar nan, domin suna suna ne, ko na mashayi ne. Amma autarmu Hephzibah ta samu miji. Sunansa Victor, mutumin Binuwai, yana aiki a wata masana'anta a Kudenda, yaro mai ladabi. Danginsa suka yi binciken gidan amarya kamar yadda aka saba. A zamaninmu maƙwabta ake tambaya da dattawan ikilisiya. Su kuwa suna da goggo, Madam Dorcas, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ta ce maƙwabta ƙarya suke yi, sai ta tambayi waya. Waya ta ba ta ni. Ta aiko cewa ba za a sa rana ba sai ta ga takardar kotu da ta wanke ni, kuma ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe goma na safe, za su zo gidana a Barnawa su ji amsar ƙarshe.

Bari in tuna maka yadda na zama mai laifi, tunda littattafanka ba za su tuna maka ba. Kashegarin Kirsimeti na 2009, da rana tsaka, wani tsohon abokin aikina ya sha ya ƙoshi, ya ɗauki motar ƙaninsa, ya shige da ita cikin tulin doya a bakin kasuwa. Ba wanda ya ji ciwo sai doyar. Ba zan kira sunansa ba. Ya rasu, matarsa benci ɗaya suke zama da Edith a zumuntar mata ta coci, 'ya'yansa kuma sun girma ba su san labarin ba. Ranar shari'a na raka shi kotunka don zumunci. Akawunka ya ce kotu ba ta da fayil, sai dangin mai laifi sun sayo. Na tsallaka titi na sayo kore, mai kyau, mai igiya. Akawu ya tambayi sunana. Ni kuwa da aka koya mini amsa tambaya a makaranta, na faɗa masa har da harafi-harafi don kada ya yi kuskure. Bai yi ba. Daga baya na ji cewa al'adar ofishinka ce a rubuta sunan wanda ya sayo fayil a bango da fensir, a goge bayan an gama. Ran nan fensir ya ɓace, aka yi da biro.

Ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Ina taya ka murnar shiga zamani. An ce kun ba wani kamfani kwangilar sa duk shari'un kotu a intanet don jama'a su gani. Aiki ya yi kyau, hoton ya fito tsaf, har tabon man ja da ke gefen fayil ɗina ana gani. Sai dai bango kawai suka ɗauka. Na tambayi dalili, wani ma'aikacinka ya bayyana mini da haƙuri cewa kwangilar ta ce a ɗauki hoton fayil, ba ta ce a kwance igiyarsa ba. Na jinjina masa. Ni shekara ashirin da biyu na yi ina babban akawu mai kula da takardun ma'aikata, ban taɓa gano wannan hanyar rage aiki ba. Ina kuke samo irin waɗannan masu basira, ranka ya daɗe? Makarantarsu ɗaya ce, ko baiwa ce?

Na biyu. Na zo ofishinka sau shida neman abin da ke cikin fayil ɗin. An ce takardun kotu na jama'a ne, kowa yana da ikon gani, sai dai ya rubuta takardar nema. Na rubuta, da Turancin da Turawan mishan suka koya mini. Aka ce sai na sa lambar shari'a. Na ce ina zan samu lambar? Aka ce tana cikin babban rajista. Na ce a buɗe rajistan. Aka ce ba a buɗe shi sai da lambar shari'a. Na koma kan hoton da ke intanet da saurina, na ga hatiminka mai albarka ya sauka daidai a kan lambar, ya rufe ta ruf. Na yi dariya a cikin Keke Napep har direban ya tsaya ya tambaya ko in sauka.

Na uku, kuma a nan ne daɗin ya kai ƙarshe. A zuwana na biyar, Malam Hamza mai riƙe da makullin ɗakin ajiyarku ya ji tausayina ya buɗe mini. Allah ya saka masa da alheri, shi kaɗai ne a ginin nan ya taɓa ce mini in zauna. Ɗakin ba a jera shi da shekara ba, an jera shi ne da daminar da rufi ya yi yoyo, duk abin da ya jiƙe a tura shi kusurwa. Gara ta yi shari'ar wasu ta yanke hukunci. Muka yi awa uku muna tono, sai ga shi: koren fayil ɗina, da igiyarsa. Na rungume shi kamar ɗan da ya dawo daga yaƙi. Na kwance igiya da kaina, ba tare da kwangila ba. Me na tarar a ciki? Shari'ar satar akuya ta 2013. Malam Hamza ya ce ai fayil tsada yake yi, don haka idan an gama shari'a sai a zare takardun a cusa a buhu, a sake amfani da bangon. Na duba ƙasan sunana da kyau, a can inda hotonku bai kai ba, ga akuyar an ƙara da ƙananan haruffa, ƙarƙashinta kuma wani faɗan mai gida da ɗan haya. Ka ga arziki. Fayil ɗaya na saya, ya haifa mini laifi uku. Ina roƙonka da girman Allah, idan kamfanin nan zai dawo ɗaukar sabon hoto, ya bari sai bayan Asabar. Madam Dorcas ba ta san da akuyar ba tukuna.

Na huɗu. Mutanenka suka tura ni ofishin 'yan sandan da aka kai abokina, in duba littafin da ake rubuta waɗanda aka kama. Na je. Littafin 2009 an fitar da shi lokacin da aka yi wa ofis fenti, bai dawo ba. Jami'in da ke kan tebur ya duba wayarsa, ya dube ni, ya ce idan kotu ta ce na yi, to na yi. Sannan ya lura babu inda aka nuna na miƙa lasisin da aka ƙwace, ya ce in kawo shi. Na ce ba ni da shi. Ya ce wato tuƙi ba lasisi ke nan, laifi na daban. Ranka ya daɗe, kai masanin doka ne, ka ba ni shawara: in je in koyi mota da tsufana, in ci jarrabawa, a ba ni lasisi don ku ƙwace? In haka ne zan yi, amma wa zai koya wa sanannen mashayi tuƙi?

Na biyar. Aka ba ni shawara in yi takardar rantsuwa cewa ba ni ba ne. A kotunka aka yi ta, minti goma aka buga hatimi. Ashe kuna iya sauri. Na aika wa Madam Dorcas, ta dawo da ita da saƙon cewa takardar da mutum ya shaidi kansa da kansa, ita ce irin wadda mashaya ke kawowa. Gaskiyarta kuwa.

Na shida ba na dariya ba ne, ka yi mini afuwa. Edith ta ce mu je mu roƙi matar marigayin ta faɗi gaskiya a gaban dangin Victor. Na ƙi. Ba zan tono kabarin mutum a gaban 'ya'yansa don akawunka ya rasa fensir ba, kuma ko na tono, takarda aka ce ana so. Hephzibah ta daina maganar ɗinkin kaya. Shekaranjiya tana zuba mini shayi, ba ta ɗago kai ba, ta ce, “Baba, da gaske ba ka yi ba?” Yarinyar da ban taɓa yi wa ƙarya ba ke nan. Hatiminka ya fi bakina ƙarfi a cikin gidana, ranka ya daɗe. Wannan ma ci gaba ne, ina taya ka murna.

Abin da nake nema kaɗan ne. Malam Hamza ya ce buhunan takardun suna nan a bayan ɗakin ajiya, sun kai arba'in, amma ba ya taɓa su sai da izini a rubuce daga gare ka. Layi ɗaya da sa hannunka. Ba na neman ma'aikacinka ko ɗaya ya tashi daga kujerarsa. Ni zan zazzage buhunan da hannuna, aikin da na iya ke nan tun kafin a haifi akawunka, kuma in na gama zan jera muku su shekara-shekara, kyauta, ko da hakan zai rikita ofis. In na samu shafin da alƙali ya rubuta sunan mai laifi, a ɗauki hotonsa a buga hatimi, ni kuma in ɗora babban yatsana a kan sunan abokina, a bar harafin farko kawai ya nuna ba nawa ba ne. Zan zo ranar Alhamis da safe da kujerata, don na lura benci ɗaya gare ku.

Idan kuwa Alhamis ta zo aka ce yanzun nan ka fita, babu komai, ban yi fushi ba. Ina gayyatarka gidana a Barnawa ranar Asabar, ƙarfe goma. Kowane mai Keke Napep ya san gidan yanzu, ka ce gidan Baba direba. Edith za ta dafa shinkafa. Na tanadar maka kujera kusa da ta Madam Dorcas, ka bayyana mata da bakinka yadda ake ɗaukar hoton fayil ba a kwance igiya ba. Ni mutum ne da ya saba a ce masa ya dawo gobe. Ita kuwa shekara talatin ta yi tana sa manyan malamai tsayuwa har sai sun ba ta amsa, kuma ba ta barin kowa ya fita.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa hatiminka tawada, ya kare ka daga sayen fayil don zumunci.

Naka mai biyayya har ƙasa, mai jiran layi ɗaya,

Sylvanus Kambai,
tsohon babban akawu, uban amarya in ka yarda,
Barnawa, Kaduna.