Waya Ɗaya Tsakanin Iya Kaltuma da Surukinta

Bara war haka Iya Kaltuma ta kori jikanta Hamisu daga gidanta na Birni da muciya a hannu. Ya shigo mata da damin wayoyi goma sha shida, kauri kamar cinyar raƙumi, wai zai ɗauki waƙar luguden da ta gada wurin uwarta, wadda duk Damagaram ba sauran mai iya ta sai ita. Tun ba a fara ba ƙafarta ta harɗe, ta tafi luu, tulun ruwanta ya tarwatse. Ta rantse muryarta ba za ta shiga akwatinsa ba.

Ita dai ta san tulun hujja ce kawai. Sitidiyon da za a ɗauki waƙar na uban Hamisu ne, Malam Tahiru, mijin 'yarta ta fari, kuma katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidanta. Shekara talatin ba ta taɓa ɗaga murya inda surukin nan zai ji ba, balle waƙa. Ga shi kuma numfashi ya fara gaza mata, baitin da take ja a da yanzu sai ta yanka shi biyu.

Yau da hantsi tana tsince wake sai ga Hamisu, da wata shuɗiyar waya siririya a kafaɗa.

"...da gidan, amaryata? Ina kwanan haƙora biyu?"

"Lafiya lau suke, sun fi gemunka yawa. Miji ba cefane, ba sabulu, sai igiya! Akuya ka saya mini?"

"Wa zai ba ki akuya ki cinye mata dusa? Wannan ita ce wayoyin bara duka. Ita kaɗai tana ɗaukar murya sittin da huɗu."

"Ƙaryarka ta fi ka tsawo. Wannan abar da ko ɗaurin zane ba za ta yi ba? Ta ina mutum sittin za su bi, ba su tattake juna ba?"

"Yanka muryar ake yi ƙanana-ƙanana, a mai da ita lambobi, a ƙulla ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da sunan na'urar da za a kai wa. Can a kwance, a jera, ta koma murya."

"To rabon goron biki ke nan. Don wannan aka kai ka karatun lakwal shekara ashirin? Ni da ban san baƙi ba na raba goron bikin uwarka gida tamanin, ko ƙulli ɗaya bai ɓace ba."

"An ce rabi a bakinki ya ƙare."

"Ladan aiki ne, ɗan nema. To in wani ƙulli ya riga wani isa fa? In fara da gindin waƙa in ƙare da kanta?"

"Ba ya yiwuwa. Duk na'urorin agogo ɗaya suke bi. Su da kansu suke zaɓen shugaba, sauran su bi bugunta."

Iya ta ajiye faifan wake. Wannan kam ta gane shi sarai.

"Lugude ke nan! Mu huɗu a turmi ɗaya, ni ke ba da bugu. Ranar da ɗayarmu Bintu ta yi gaban kanta, taɓarya ta sauka a goshin ƙanwata. Ashe ƙarafan naku sun fi ka hankali, sun san babba."

"Shi ke nan, tashi in kafa miki mikoron ɗaukar murya, kafin Mala'ika ya riga ni."

"Ni zan ci gumbarka, in sake aure a Takieta. Tsaya tukuna. Wayar nan ta ina ta biyo?"

Hamisu ya sosa ƙeya. "Ta kan katanga."

"Ta shiga ina?"

"Wani ɗan akwati. Daga nan kowace na'ura ke ɗiba."

"Kowace? Har wadda ke gaban mai gidan can?" Sunansa ba ya fita bakinta.

"Baba yana zaune dai..."

"La'ilaha! Ka ɗauki muryata ka ƙulla, ka kai wa surukina har kunne? Waƙar da ke da baitin gwauro da tsumman wandonsa? Naɗe igiyarka!"

"Haba uwargida! Sai wanda na ba izini ke ji. Duba." Ya buɗe ordinatarsa, wato kwamfuta, ya nuna mata wasu gidaje-gidaje kamar na dara. "Wannan layin naki ne, wannan na Baba. In na taɓa nan, alamar ta ɓace, ko tarinki ba zai ji ba."

Ya taɓa. Koren ɗigon ya ɓace.

"Yanzu ya kurumce?"

"Ta wajenki dai, kwata-kwata."

Iya ta gyara ɗaurin kallabi, ta kurɓi ruwa, ta gwada muryar ƙasa-ƙasa. Ta fito, da 'yar rawa, amma ta fito. Sai ta juya tana kallon katangar. Mutumin nan shekara talatin yana aiko mata da goro da turmin atamfa, yana jin ana cewa surukarsa ta yi tashe a Birni, bai taɓa jin dalili ba.

Ta kwance bakin zane, ta ciro dabino uku ta cusa wa Hamisu a hannu.

"Ungo sadakinka, ka ci nasara. Matso kunnenka."

Ya matso yana dariya.

"Mai da masa ɗigon nan nasa. Amma ka dube ni ido cikin ido ka ce ka cire, kuma ka gaya masa in ya kuskura ya ce mini sannu da waƙa, sai na bar unguwar nan."