Kujerun Ƙasa-da-Ƙasa

"Ni fa, Yaya, na wuce cinikin unguwa. Daga bana, duk wanda zai zauna a kujerata sai ya nuna fasfo!"

Mijin ƙanwata ke nan, ranar da ya sa aka rubuta "Kamfanin Kujeru na Ƙasa da Ƙasa" a goshin shagonsa. Shagon kuwa, in ka shiga da farar riga da ja za ka fito saboda tsatsa. Injin walda ɗaya ne, sai janareto mai tari kamar zai mutu, sai wani tsohon mai walda da ke yin duk aikin. Shi maigidan aikinsa ya zauna a wani akurki da yake kira ofis, ya ƙure rediyo, yana gyara wa masana tattalin arziki magana. Tun ranar unguwa ta raɗa masa Ƙasa-da-Ƙasa. Sakaran ya ɗauka yabo ne.

Abu ɗaya ke riƙe da shagon nan: wata Malama mai makarantar kuɗi, wadda ke ba shi aikin kujerun ɗalibai duk shekara. Da aikinta ake ɗora tukunya a gidan ƙanwata. Mace ce mai magana ɗaya. Bana ta ce kujera ɗari uku, ranar komawa makaranta, in aka ƙara kwana ɗaya ta canza maƙeri. An gama su tsaf, an jibge a bayan shago, saura sati uku.

Sai ga Baƙo. Wani dogo mai tabarau da jaka mai taya, yana magana ta hanci. Wai daga ƙetaren iyaka yake, ƙasarsu na bunƙasa, makarantu na tsirowa ta ko'ina, kujeru sun yi ƙaranci. Duka ɗari ukun yake so, kuma da dala zai biya, nan take.

Ina wurin. Shekara ashirin na yi ina jan babbar mota ina tsallaka iyakoki, na san irin wannan hancin. Na ja surukina gefe.

"Kai, kayan Malama ne fa."

"Yaya, kai sitiyari ka sani. Sati uku? Sai in ƙera mata wasu in yi barci a kai."

Ya koma ya harɗe a kujera, ya dubi Baƙo sama da ƙasa.

"Dala? A'a, malam, ba ni za a yi wa wayo ba. Jiya da kunnena na ji Babban Banki zai ɗauki mataki a kan canji. Ka san abin da ake nufi da mataki? Dala za ta sha ƙasa! Ka ba ni kuɗinmu."

Na ce, "Karɓi dalar, ɗan banza!"

Ya ce, "Yaya, ana taro."

Baƙo bai yi gardama ba ko kaɗan. Ya zuge jakarsa, ashe ma da kuɗin namu ya zo. Kafin azahar an kwashe kujeru, bayan shago ya zama fili.

To, mai hankali gobe da sassafe sai ya tafi sayen ƙarfe, ko ba haka ba? Ban da Ƙasa-da-Ƙasa. Ya buga katin kamfani mai ruwan zinariya. Ya sayo taswirar duniya ya manna a akurkinsa, ya soka allura a ƙasashe bakwai, biyu daga ciki a tsakiyar teku. Tsohon mai walda ya leƙo.

"Maigida, bututun ƙarfe fa? Ina zaune haka nan."

"Zauna, Baba, ka huta. Ƙarfe daga waje ake kawo shi. Dala na faɗuwa zai koma kamar kyauta. Wawa ne ke saye yau."

Kwana goma yana jiran mataki, sai mataki ya zo. Babban Banki ya ce ya saki kuɗinmu ya nemi matsayinsa da kansa a kasuwa. Ya kuwa nema, ya same shi can ƙasa. Dala ta yi tsalle ta ninka.

Na raka shi wurin mai ƙarfe, don ba na son a ba ni labari.

"Alhaji, nawa bututu?"

"Farashin safe kake tambaya ko na yanzu?"

"Na yanzu."

Mai ƙarfe ya duba wayarsa, ya faɗa. Ƙasa-da-Ƙasa ya dafa bango.

"Haba Alhaji! Wannan ƙarfen tun bara yake nan, ga tsatsa ma. Yaushe ya ji labarin dala?"

"Shi bai ji ba, ni na ji. Ka yi sauri, na la'asar na tafe."

Duk abin da Baƙo ya biya bai isa ƙarfen kujera ɗari ba. Ko da ma ya isa, Baba ya ce shi hannu biyu Allah ya ba shi, kwana goman da suka rage ba za su haifi ɗari uku ba.

A gida ƙanwata ta tare shi a bakin ƙofa.

"Baban yara, ka je ka faɗa wa Malama gaskiya, ka ba ta haƙuri, ko rabi ta karɓa."

"Haƙuri? Ni? Mutumin da ya fitar da kaya waje ai shigo da kaya ba zai gagare shi ba. Ki zuba ido."

Wani dillali ne ya hure masa kunne, wai an sauke kujerun ƙasar waje a wani sito bayan tashar mota. Muka je. Ga su nan reras, shuɗɗa, ƙafafu da takalmin roba, kowace an naɗe ta da leda, an manna mata takarda da rubutun da duk cikinmu ba mai iya karantawa. Farashi da dala, ba ragi.

Na ce, "Yage ɗaya mu gani."

"Yaya, ka yage leda ai ka yage daraja. Ji ƙamshi kawai! Wannan ƙamshin teku ne."

Ƙamshin fenti ne kawai. Ya haɗa kuɗin Baƙo, ya sayar da motarsa ya cika.

Ranar komawa makaranta, motar kaya na gaba, shugaban kamfani na biye a bayan babur ɗin haya, laktaye na kaɗawa ta kan kafaɗa. Ni da Baba muna sauke kaya, shi yana tsakiyar fili yana jawabi, malamai da iyayen yara sun kewaye shi.

"Ranki ya daɗe, bana na ce ɗalibanki sun wuce zama a kan tarkacen gida. Maƙeranmu na nan, Allah na tuba, jakuna ne da injin walda! Wannan kuwa aikin masu ilimi ne. Sai dai, kin san halin dala, za a ɗan duba farashi."

Malama ta matso kusa da kujerun. Ta yage ledar ɗaya, ta girgiza ta, ta kifa ta ƙafafu sama, ta gyara tabarau.

"Aiki ya yi kyau. A'a, ga ma lambar wayar masu ƙerawa a ƙarƙashi, an rubuta da walda. Bari in kira su, badi in saya kai tsaye, in huta da 'yan tsakiya."

Ta fara dannawa tana karantowa da ƙarfi, lamba ɗaya bayan ɗaya. Na ga Baba ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Sai aljihun Ƙasa-da-Ƙasa ya ɗauki kiɗa.

Ashe Baƙo ko hanyar iyaka bai nufa ba. Sito ya kama a bayan tasha, ya sayi fenti da leda, ya zauna jiran mataki, shi ma.

Baba ya share hawayen dariya. "Shekara tara ina rubuta lambar nan a gindin kowace kujera, maigida. Ba ka taɓa duƙawa ka duba ba."

Malama ta ce, "Farashi yana nan yadda muka yi. Baba, badi kai za ka zo mu yi magana."

Wayar na ta kuka a aljihu, mutumin naka ya ƙame kamar an dasa shi. Malama ta dube shi ta saman tabarau, tata wayar na kunne.

"Ɗauka mana, Alhaji. Ƙasar waje ce ke kira."