Rasuwar Lamba Bakwai da Ƙwallon da Ya Shiga Daji da Sunana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Jabiru na Pauwa, a madadin iyalina, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa rasuwar sandata ta golf, wadda aka fi sani da Lamba Bakwai. Rai ya yi halinsa ranar Talata da la'asar sakaliya, a saurar da ke bayan gonarmu.

Marigayiyar ta shigo hannuna a Kaduna, inda na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar wa manya jakar sanduna a filin golf. Wani maigidana ne ya ba ni ita ranar da na bar aikin, kuma shekara tara muka yi tare a gida ba wanda ya ji kanmu. Mai haƙuri ce, tsumma da ɗigon man gyaɗa sun ishe ta. Ta kashe macizai biyu a gindin rumbu, ta kuma sha kaɗo wa mai ɗakina Suwaibatu tsamiya ba tare da ƙorafi ba. Idan ƙwallo ya sami tsakiyar fuskarta, "tas!" kawai take cewa, ya miƙe sambal.

Jinyarta ta fara bara bayan girbi. Maimakon "tas!" sai ta koma cewa "ƙwal!" Ƙwallo ya daina samun fuskarta, sai wuyanta, wato inda kai ya haɗu da jikin sanda, daga nan ya fyalle dama ƙasa-ƙasa. Cuta ce da 'yan golf ke tsoron ko ambaton sunanta.

Mun nemi magani iya ƙarfinmu. Na zaci na cika matsowa kusa da ƙwallo, na ja baya, ba ta sake zani ba. Na sauya riƙo. Na ajiye gwangwanin tumatir a gefen ƙwallo don in koyi kauce masa, na lotsa gwangwani shida. Ɗanliti mai walda ya duba ta ranar kasuwar Ƙanƙara, ya rantse wuyanta lafiya lau. Suwaibatu kuwa cewa ta yi magidanci mai furfura ba ya bin ƙwallo a bakin daji a wannan zamani, kuma da na ji maganarta da ban rubuta wannan takarda ba.

Baba Istifanus na Sabuwa, wanda ya koya mini aikin a Kaduna, shi ya gano cutar. Hanya ba ta biyuwa, don haka hoton bidiyo na tura masa. Ya ce sandar ba ta da laifi, in dubi digadigaina. Ba sa taɓa ƙasa. Nauyina duk yana kan yatsun ƙafa kamar mai shirin gudu, sai jiki ya rinjaya gaba, hannu ya bi shi, wuyan sanda ya tari ƙwallo. Ya tambaye ni tun yaushe nake tsayawa haka. Na san ranar sarai. Tun ranar da masu babura suka kwashe mutane a ƙauyen da ke gabanmu, duk sanda na ɗaga ta kunnena yana daji. Tsorona ne ya yi ajalinta, ba na ɓoyewa.

Ga yadda ta cika. 'Yan golf sukan yi wa ƙwallonsu alama don kada ya cakuɗe da na wani. Ni da yake ƙwallo ɗaya ya rage mini, sai na yi zaƙewa, na rubuta masa sunana da garinmu, har da lambar waya, da tawadar da ba ta goguwa. Ranar Talata na ɗaga sanda ke nan sai na ji rurin babur a cikin itatuwa ta hannun dama. Digadigaina suka tashi. Marigayiyar ta ce "ƙwal!" na ƙarshe, kanta ya fita, ƙwallo ya nufi itatuwan. Na ji ya daki ƙarfe, irin ƙarar tankin mai. Babur ya mutu, dajin ya yi tsit. Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Ban san ko babur ɗin waye ba. Mai yiwuwa na mai itace ne. Amma daga Talata zuwa yau baƙuwar lamba ta kira ni sau uku, ban ɗauka ba.

Ta rasu ta bar jaka guda, da safar hannun hagu, da takalmina ɗaya da na baro a saurar, da ƙwallon da ba mu san hannun da yake ba.

Za a binne gangar jikinta gobe bayan azahar a bayan rumbu, ba tare da taro ba. Kanta yana inda ya faɗi, kuma kada kowa ya je ɗaukowa. Ana karɓar gaisuwa daga masu zuwa a ƙafa kaɗai, su yi sallama daga nesa, su faɗi sunansu da na mahaifinsu. Ban da gaisuwa ta waya.

Wanda ƙwallon ke hannunsa kuma, bawan Allah, na bar maka shi duniya da lahira, ba sai ka wahalar da kanka wajen kawowa ba. In kuwa ka riga ka kamo hanya, Allah Ya sa kai mai itace ne.