Ɗakin Tanimu Mai Shiru Kamar Maƙabarta

Wani mutum ne a unguwarmu, Tanimu Dogon Baki. Babu abin da bai sani ba a duniya. Yawancin waɗanda muka sha surutunsa tare sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da haƙurin da suka yi.

Da ya tashi kama haya a Tudun Wada, abokinmu Iliya ya ce masa, "Kafin ka sa hannu, zagaya ka gai da maƙwabta, ka tambaye su halin gidan. Ka je da safe, ka koma da yamma."

"Ni?" in ji Tanimu. "Ni da ido ɗaya nake auna gida. Tambayar maƙwabta aikin baƙauye ne."

Sau ɗaya ya je. Ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rijiya, ya kasa kunne ya ji tsit. Mai gidan ya ce shekara ɗaya za a rubuta.

"Biyu, Alhaji! Kada wani ya yi mini shigar sauri."

Mai gidan ya yi maza ya miƙa masa biro.

Ranar tarewa Tanimu ya tara mu a ɗakin, aka kawo fura. Ya miƙe ƙafa.

"Ku saurara. Kun ji wani abu?"

"Ba mu ji ba."

"To, wannan shi ake kira gida. Kai Iliya, da ka gama gaishe-gaishenka ina ka ƙare? Bakin kasuwa!"

Bai rufe baki ba yaran layin suka kwashe da ihu, an kawo wuta. Ashe makon nan duka babu ita.

Sai muka ji ƙirrr, sannan gararara! Bango ya ɗauki rawa. Ludayi ya yi tsalle daga ƙwarya, hular Tanimu ta zame daga ƙusa. Injin niƙa ne, har guda uku, jingine da bangon da ya kafa gadonsa.

Wani mutum fari fat da gari ya leƙo ta taga.

"Maƙwabci, barka da zuwa! Mu fa duk lokacin da aka kawo wuta muke tayarwa, ko da tsakar dare!"

Iliya ya kai baki kunnen Tanimu ya daka tsawa, "Masani, yaya idon naka?"

Tanimu ya miƙe yana bayani, yana wurgi da hannuwa. Bakinsa na motsi, jijiyar wuya ta tashi, ko kalma ɗaya ba ta iso mu ba.

Tun muna samari nake zama da shi, ban taɓa jin daɗin hirarsa irin na ranar ba.