Yadda Za Ki Ɓoye Fargabar Jarrabawa Har Ta Kayar da Ke

Alkawari na yi miki: in kika bi matakan nan, kafin ranar jarrabawa kin rame, kin zabge, kuma babu wanda ya sani. Ƙanwata Auta ta gwada su, saura ƙiris ta yi nasara.

1. Haddace "lafiya lau"

Kowa ya tambaye ki, ita ce amsa. Ko da gishiri kika zuba a shayi. Auta ta shanye nata tas, ta ce wa Umma shi ake yayi yanzu.

2. Ƙulla gaba da barci

Mu masana mun gano ƙwaƙwalwa kamar akwati take: in ta cika, hawa ake yi a danne. Auta ta raba dare tana zura wa shafi ɗaya ido har suka fara gaisawa.

3. Zauna kusa da wanda ya gama

Kowane aji da nasa. A ajin Auta, Dogo ne. "Ni fa bita kawai nake," in ji shi, yana miƙa. Saurare shi sosai. Kada ki tambaye shi abin da ya ci bara.

4. Guji mai kallon cikin ido

Nan Auta ta yi sake. Malamar lissafi ta tare ta a baranda.

"'Yata, yaushe rabonki da abinci?"

"Lafiya lau, Malama."

"Ba ita na tambaya ba."

Shi ke nan, aikin makonni ya rushe. Kuka har da majina. Malama ta zaunar da ita, ta sa ta jan numfashi a hankali, ta rarraba mata karatun kaɗan-kaɗan, sannan ta kira Umma a waya.

5. Kada labari ya kai gida

Don Umma ƙwace littafin ta yi. "Ke na haifa ko jarrabawa? Wuce ki kwanta!"

Auta ta yi barci, ta tashi ta cinye abincinta ta haɗa da nawa. Lissafi da ƙyar ta haye, amma da dariyarta ta fito daga ɗakin jarrabawa. Asarar almajira ke nan.

Gargaɗi

In kika bi matakan nan kika faɗi warwas, ban san ki ba. In kuma wani mai ƙaunarki ya ɓata miki shiri har kika sami sauƙi, kada ki zo ƙofata da ƙorafi. Ni ma nan Umma ta hana ni ba da shawara a gidanmu.