Yadda Za Ka Mayar da Sabuwar Riga Gadon Kakanka Cikin Mako Uku

Kai da kake karanta wannan, na san damuwarka. Yayin tsofaffin kaya ya shigo gari. Duk saurayin da ka buɗe hotonsa a waya, ga shi nan cikin rigar saƙi mai aikin aska takwas, ya jingina da tsohon zaure, an rubuta a ƙasa, "Rigar kakana." Kai kuwa ba ka da ita. Kwantar da hankalinka. Ni Mikail na unguwar Sheshe gwani ne a wannan fanni, kuma na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan bakwai, rigar da aka ɗinka jiya za ta cika shekara sittin kafin wata ya mutu. An gwada, kuma a kaina aka gwada.

1. Fara da cika baki

Kada ka sayi komai tukuna. Ka fara faɗin abin da ba za ka iya janyewa ba. Ni a zauren su Sa'ida na yi nawa, a unguwar Soron Ɗinki. Shekara biyu ina neman aurenta. Ta nuna mini hoton wani ango cikin tsohuwar riga ta ce irin wannan tana burge ta. Na taɓe baki na ce, "Wannan ai ta kanti ce. Ta kakana Malam Ɗahiru tana gida a ajiye, saƙin hannu, aikin hannu."

Tsakanina da kai, rigar ta taɓa zama a gidanmu. Shekara takwas ke nan, bayan addu'ar bakwai ta Malam, Hajiyarmu ta fito da ita daga adaka ta miƙo mini. Na ce, "Haba Hajiya, wa zai sa wannan tsumma? Ki ba da ita sadaka." Lokacin ina ji da shadda mai maiƙo. Ban sake tambayar inda ta shiga ba.

Washegari Sa'ida ta kira ni. "Na gaya wa Baba Kyari. Ya ce ka zo gaisuwa nan da Juma'a uku, bayan la'asar, kuma ka zo da rigar a jikinka."

Baba Kyari kakanta ne. Iyayenta sun yarda da ni, kawunnanta ma haka, amma a gidan ba a ce wa saurayi ya turo magabata sai tsohon nan ya gyaɗa kai. Ka ga yanzu kana da dalili mai ƙarfi.

2. Sayo sabuwa mai kama da tsohuwa

Kada ka ɓata lokaci neman ta gaske. Masu ita ba sa rabuwa da ita, kuma in ka samu, nauyinta kamar ka goya yaro. Ka tafi wajen tela irin Umar na Ƙofar Mazugal. Akwai yadin inji da aka buga wa zanen saƙi, kwamfuta kuma tana gama aska takwas kafin ka shanye kunu.

Bambancinsu kaɗan ne, ba abin tayar da hankali ba. Ta gaske ƙyallaye ne siri-siri da masaƙi ya saƙa, aka haɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura. Ta zamani yadi ne falle ɗaya da aka yi wa layuka. Umar ya ce mini, "Malam Mikail, daga nesa ko masaƙi ba zai gane ba."

"Daga kusa fa?"

"To me zai sa ka bari a matso?"

Ka riƙe wannan magana, ilimi ce.

3. Ka gana mata azaba

Sabuwar riga tana da girman kai, sai ka sauke mata shi. Wanke ta sau bakwai da sabulun salo. Shanya ta a kan soro rana ta dake ta kwana biyar. Jiƙa ganyen shayi ka shafa wa wuya. Tauna goro ka ɗiga kaɗan a ƙirji, kaɗan na ce, ba yanka aka yi ba. In kakanka malami ne, ɗiga tawada a hannun dama. Kada ka kuskura ka yi da biro.

Sannan ka juya cikinta. A bayan aikin kwamfutar akwai wani farin abu mai kama da takarda da ake mannawa. Sa reza ka kankare shi tas. Ni kwana biyu na yi a kansa, na yanke yatsa sau uku. Jinin ma ya taimaka.

4. Ka ba ta ƙanshin tsufa

Hanci ya fi ido saurin kama maƙaryaci. Turara ta da turaren wuta, ka watsa mata kafur da kanumfari, ka kulle ta a tsohuwar adaka mako guda. Ni a adakar Malam ɗin kanta na sa tawa, don ta sami albarka.

Hajiyarmu ta same ni a durƙushe a gaban adakar. Ta ce, "Me kake nema a nan?"

"Tarihi, Hajiya. Gidan Baba Kyari zan je gaisuwa."

Ta dubi rigar, ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta ce, "Allah ya kyauta," ta wuce madafa. In mahaifiyarka ta yi haka, kada ka bi ta kana tambaya. Mai ƙwarewa ba ya neman ƙarin bayani.

5. Haɗa mata labari

Riga ba labari yadi ce kawai. Amma ka taƙaita. Ka ce, "Da ita ya ɗaura auren mahaifina," sannan ka yi ajiyar zuciya ka kalli ƙasa. Gwada a gaban madubi har ajiyar zuciyar ta zauna.

Wasu masana suna cewa ka bincika ko wanda za ka gaya wa labarin ya san kakanka. A cikin birni wannan ɓata lokaci ne, tunda kowa ya san kakan kowa. Saboda haka tsallake shi, kamar yadda na yi.

6. Ranar gaisuwa

Tafi a ƙasa ta cikin lunguna, rigar ta sha gumi. Da ka shiga zaure, zauna inda haske bai kai ba.

Na tarar da Baba Kyari a kan buzu, tsoho ne da ya haura tamanin, da carbi a hannu. Na zube na gaishe shi. Ya ce, "Kai ne mai shirin ƙwace mini mata?" Na yi dariyar ladabi. Har nan komai daidai.

Sai ya ce, "Matso, idona ya yi rauni."

Na tuna maganar Umar, amma ba a ce wa tsoho a'a. Na matsa. Bai kalli wuya ba, bai shinshina ba, bai kula da tawadata ba. Hannunsa ya tafi kai tsaye bakin aljihu, yana shafawa.

"Ta Malam Ɗahiru na Sheshe ce, ko?"

"Ita ce, Baba. Da ita ya ɗaura auren mahaifina." Na yi ajiyar zuciyar, ta fito da kyau.

"Allah ya jiƙansa. Zaure ɗaya muka yi karatu. Ni na yi masa aikin rigar, wata bakwai ina kanta." Ya ci gaba da shafawa. "To ina facin?"

"Wane faci, Baba?"

"Na bakin aljihu. A nan yake ajiye dabino ranar Juma'a. Wani jikansa mai kwaɗayi ya rataya a jikin aljihun ya yage shi har ƙasa. Malam ya kawo mini yana dariya, na ce bari in ɓoye gyaran, ya ce a'a, in yi da jan zare, yana so ya riƙa gani."

A nan ba ni da shawarar da zan ba ka. Ni dai na san wane jika ne.

7. In asiri ya tonu, zauna

Kada ka gudu, rigar za ta harɗe ka. Baba Kyari ya ɗaga murya ya ce Sa'ida ta kawo ƙunshin da ke ƙarƙashin littattafansa. Ta kawo ta ajiye, ko inda nake ba ta kalla ba. Ya kwance da kansa.

Ita ce. Shuɗin ya koɗe, wuyan ya ci, ga jan zaren nan a bakin aljihu.

"Hajiyarku ce ta kawo mini da kanta," in ji shi. "Ta ce an ce tsumma ce."

Ban san lokacin da na ɗauke ta na kai fuskata ba. Mako guda na yi ina haɗa kafur da kanumfari, ashe ban ko kusa ba. Ƙanshin Malam ne, wanda nake ji in ya ɗauke ni zuwa masallaci. Kunya ta kama ni, kewarsa ta fi kunyar, na yi kuka a gaban surukina da gemuna. Da na share hawaye na ce, "Baba, ni na ce tsumma ce. Wannan ta jikina kuma makonta uku."

Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Tun daga ƙofa na sani. Jira nake in ji ko za ka faɗa da bakinka. Je ka turo magabatanka." Na fara godiya, ya ɗaga hannu. "Rigar kuwa ba taka ba ce, ka riga ka ba da ita. A kayan Sa'ida zan sa ta. Ranar da kake son sawa, sai ka roƙe ta."

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya same ka: yankan reza, kallon mahaifiya, ko tsohon da ya fi ka sanin aljihun kakanka. In ka bi matakan ka ji kunya, kai ka jiyo abarka. Rigar da na tsufar tana nan ga mai so, da tawadarta da labarinta. Ta gasken kuwa, sau biyu na roƙa tun bayan biki. Sa'ida ta ce sai ranar Juma'a, kuma sai na zuba dabino a aljihun.